Fuskar Kofur Hambali

Tun ranar da likita ya cire mata bandeji ta ga duniya tar, Hajiya Turai ta fara zargin aikin idon nan da wata a ƙasa. Shekara da shekaru tana fama da yana a Kano, tana laluben silifas da ƙafa, tana gaida buhun masara a zaure a zaton baƙo ne, babu wanda ya ce a ɗauke ta zuwa bangon duniya. Sai bana kwatsam ɗanta na fari, Dakta Yusha'u, mai koyarwa a wata jami'a a Kuala Lumpur, ya tayar wa kowa hankali: a yi mata fasfo, a nemi biza, a sa ta a jirgi. Ta zo, aka wanke idon dama, aka wanke na hagu. Yanzu daga tagar gidansu da ke can saman bene a unguwar Cheras har shanyar maƙwabta take gani, tana faɗin wadda ba ta iya wanki ba.

Ba daga bakin Yusha'u ta ji dalilin ba, domin ita da shi ba sa doguwar magana. Ɗan fari ne. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Da aka yaye shi dangin uba suka karɓe shi, ita kuma ta yi wani auren ta haifi waɗanda take iya zagi da suna. Yanzu ga shi da furfura har a gemu, ga digiri a kan digiri, amma in ya shigo gaishe ta bango take kallo ta amsa, in kuma tana da saƙo sai ta ce wa matarsa Hadiyya, “Ki ce wa mai gidanki,” ko da kuwa yana tsaye a wurin. 'Yan zamani suna yi wa abin dariya. Su yi ta yi. Haka ta tarar, kuma ba a Malesiya za ta sake hali ba.

Wata Laraba Hadiyya tana ɗiga mata maganin ido, ta ce, “Inna, ran Asabar Dakta yana so mu fita da ke.”

“Ina kuma? In dai kantin nan ne mai matakalar da ke tafiya da mutum, na yafe.”

“A'a, gidan tarihi ne. Wasu Turawa 'yan ƙasar Suwidin suka kawo kayan sojojinsu na da, an ba su wuri a cikin gari sun baje na 'yan makonni.”

“To ni ina ruwana da kayan sojan Suwidin? Gadonsu zan ci?”

Hadiyya ta daɗe tana murɗa murfin kwalbar da ya riga ya rufu. Sannan ta ce, “Inna, akwai hoton Baba a ciki. Baban Dakta.”

Turai ta runtse ido, ta bar maganin yana gangaro mata a kumatu, ba ta share ba.

Kofur Hambali shi ne mijinta na fari, soja ne a barikin Zariya lokacin da ƙasa ba ta daɗe da samun 'yanci ba. Ba su cika wata uku da aure ba aka kwashi rundunarsu zuwa Kwango, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tara sojojin ƙasashe iri-iri, har da na Suwidin da na nan Malaya, wai su raba faɗan da ba su san mafarinsa ba. Ya tafi ya bar ta da ƙaramin ciki wanda ko ita ba ta farga da shi ba tukuna. Bai dawo ba. Akwatin ƙarfensa ne ya dawo, da bargo, da kofi, da hoto guda na katin aiki. Mahaifinsa malamin zaure ne da ba ya wasa da maganar hoto; tun kafin 'yan gaisuwa su watse ya jefa shi a murhu, ya ce mamaci addu'a yake bukata. Turai tana ɗaki tana takaba, labarin hoton kawai ta ji.

Haka Yusha'u ya taso bai san ko inuwar ubansa ba, kuma abin bai taɓa barinsa ba. Ya bi ofisoshin soja a Kaduna, ya bi na Legas, aka yi ta aika shi daga wannan tebur zuwa wancan. Kakanninsa suka mutu, baffanninsa suka bi su. Abokan aikin uban, yaƙin basasa ya ci wasu, tsufa ya ƙarasa sauran. A ƙarshe wata Baturiya mai kula da hotuna a gidan tarihin sojan Suwidin ta sanar da shi cewa wani sojansu ya taɓa ɗaukar hoton 'yan Najeriya bakwai da suka yi gadin wata gada tare a yankin Katanga na Kwango. Rundunar ta yi daidai, watan ya yi daidai, kuma babu tantama Hambali yana cikin bakwai ɗin da aka tura gadar. Sunaye ne kawai babu. Baturen ya ɗauki hotonsa ya manta cewa baƙaƙen ma suna da suna. Hoton yana cikin kayan da aka kawo Kuala Lumpur. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da zai iya ɗora yatsa ya ce ga shi nan, kuma ga shi an wanke mata ido.

Abin da babu wanda ya sani, daga masu rai har waɗanda suka mutu, shi ne Turai ba ta san fuskar mijinta ba.

Kada wani ya yi zaton ba ta son shi. Ta so shi son da ba ta ƙara yi wa wani namiji irinsa ba. Amma zance a zaure ake yi bayan isha, shi da abokinsa a wancan gefe, ita a wannan, kai a sunkuye tana tsinkar bakin tabarma. Da ta tare, a gidan iyayensa aka ajiye ta, wani ƙauye a bayan Zariya. Yakan zo a keke ƙarshen mako bayan magariba, ya koma bariki da sassafe, a ɗaki kuwa daga aci-balbal sai duhu. Amaryar kirki a lokacin ba ta ɗaga ido ta kalli miji, kuma Turai amaryar kirki ce. Matan gidan har misali suke yi da ita ga 'ya'yansu. Ta san takalmansa, ta san dogayen yatsun ƙafarsa, ta san tabon da ke bayan hannunsa na dama saboda da shi yake karɓar ƙwaryar fura. Ta san muryarsa da fitonsa, da ƙanshin man takalmi da yake bari a ɗakin. Fuska kuwa ta bar ta sai gaba. Ai kowa ya sani, bayan haihuwar fari mace take fara ɗaga ido, bayan ta biyu ta fara harara. Ta ɗauka akwai lokaci.

Ranar Alhamis ta bi Hadiyya kicin da niyyar ta faɗa mata kowa ya huta. Ta zauna a kujera, ta gyara murya, ta ce, “Wannan hoton da kuke magana…”

“Inna, ba ki ga Dakta ba,” Hadiyya ta tari numfashinta tana juya miya. “Wallahi he is not himself. Abinci sai na yi da gaske yake ci. Ya kai farar shaddarsa guga, ya je aski, kamar mai zuwa gaida surukai. Jiya cewa ya yi da ni, Hadiyya, ni fa na girmi ubana yanzu, na ninka shi, amma ban san ko in na gamu da shi a hanya zan gane shi ba. Sai da ya sa ni kuka. Me kike cewa, Inna?”

Turai ta dubi tukunyar. Yaya tsohuwa mai tattaɓa kunne za ta buɗe baki ta ce wa surukarta, na haifa wa mutum ɗa ban taɓa kallonsa ba? Kunyar da ta jefa ta a ramin ita ce ta tsaya a bakinsa ta hana ta fita. Ta ce, “Cewa na yi miyar nan ta fara kamawa.”

Ta koma ɗaki da 'yar dabara guda da ta riƙe hannu bibbiyu. Hoto ai ba fuska kaɗai yake ɗauka ba. In dai hannuwa sun fito, za ta nemi tabon.

Ran Asabar da hantsi suka fito su uku. Yusha'u yana gaba cikin shadda mai sheƙi, yana tafiya yana tsayawa yana jiransu, saboda ƙafarsa ta ƙi bin takun tsohuwa. Suka shiga jirgin ƙasan da ba shi da direba, abin da har yau Turai ba ta yarda da shi ba, suka sake wani, suka sauka a tashar Masjid Jamek inda koguna biyu masu ruwan kunun kanwa suke haɗuwa. Zafin garin mai danshi ya manna mata mayafi a wuya. Suna shiga ginin kuwa sanyi ya tare su, irin wanda mutanen nan suke kunnawa kamar ba su san darajar ƙashin tsoho ba.

Da son ran Yusha'u ne da kai tsaye za su wuce ɗakin ƙarshe, amma Turawan sun tsara hanyar ta yadda sai ka bi ta kan kakanninsu kafin ka isa ga naka. Turai ta ji daɗin hakan, ta riƙa jan ƙafa. Ga bindigogin toka da suka fi mutum tsawo, ga ƙananan igwa, ga ganguna da tutoci da asu ya ci, ga riguna shuɗɗa masu bakin ruwan ɗorawa a cikin gilashi.

“Da wannan za a je yaƙi?” in ji ta. “Ai tun daga bayan gari za a hango ka.”

Hadiyya tana karanta allunan tana fassara mata. Wannan sarkin ya ci wancan, wancan ya rama, duka sun mutu. A wani lungu an jera mutum-mutumin sojoji a kwance cikin farin abu kamar gari. Wai dubbai ne sanyi ya kashe a kan duwatsu suna hanyar komawa gida, ba harsashi ba. Turai ta ce, “Ashe su ma haka ake kwashe musu 'ya'ya.” Daga nan ba ta ƙara tsokana ba.

Gaba kaɗan an gina 'yar bukkar katako, a ƙofarta mutum-mutumin wata mace da ƙunshin kaya a hannu, yaro yana riƙe da zaninta. Hadiyya ta karanta, ta ce a da can ƙauye ne yake ba kowane soja ɗaki da 'yar gona, in ya mutu a yaƙi sai matarsa ta tattara ta fita, a sa sabon soja. Turai ta tsaya. Ita ma ranar da ta yaye Yusha'u aka fara shafe ɗakinta da farar ƙasa, ƙanin Hambali zai yi aure a ciki. Ta dubi matar katakon, wadda aka yi wa shuɗɗan idanu a buɗe suna kallon hanya ba ƙiftawa. A ranta ta ce, Allah sarki 'yar'uwa, ke dai da ganinki kin kalli naki.

“Inna, mu ƙarasa,” in ji Hadiyya a hankali. “Dakta ya ƙosa.”

Ɗakin Kwango ya fi sauran haske da hayaniya. Ga hulunan kwano masu launin sararin sama, ga tsohuwar rediyon soja, ga ƙofar mota da harsashi ya huda. Wasu tsofaffin Malayawa da suka yi wancan aikin sun zo da lambobinsu a ƙirji da baƙaƙen huluna, ɗaya a keken guragu, suna nuna hotuna suna dariya suna tari. Baturiyar da ta yi magana da Yusha'u tana jiransu, doguwa, gashinta fari fat an rage shi kamar na namiji. Ta fara miƙo wa Turai hannu, sai ta mayar da shi ƙirji ta ɗan rusuna, yadda ta ga 'yan gari suna yi. Ta ce wani abu da Turanci, ta ja su zuwa bangon ƙarshe.

An faɗaɗa hoton ya kai girman tabarmar salla. Kallo ɗaya Turai ta yi masa ta gane dabararta ta rushe. Mutum bakwai ne a bayan tarin buhunan yashi, buhunan sun rufe su daga ƙirji har ƙasa. Babu hannu, babu ƙafa. Fuskoki ne kawai a ƙarƙashin hulunan kwano, abu ɗayan da ba ta da shi.

Ta matsa kusa. Da ma a ce yanar tana nan, da ta ce ba ta gani, da kowa ya yi mata uzuri. Amma likitan ya iya aikinsa, har gumin da ke kan hancinsu take gani. Yara ne, wallahi yara ne, babu wanda ya kai jikanta na fari. Na farkon yana da zanen Barebari, ba shi ba ne. Na ƙarshen gajere ne mai faɗi, Hambali kuwa sai ya sunkuya yake shiga ɗakinta. Saura biyar. Ta nemi kamannin ƙannensa da ta sani, sai ta tuna 'yan uba ne, kuma kowa na cewa shi mahaifiyarsa ya ɗebo, wadda ta rasu tun yana goye. Wannan yana murmushi, wancan ya haɗe rai saboda rana, ɗaya ya karkata hula. Kowannensu zai iya yin fito, kowannensu zai iya shan fura. Ta roƙi Allah Ya sa zuciyarta ta buga a kan ɗaya, zuciyar ta yi ta bugawa a kan duka biyar.

Sai safiyar tafiyarsa ta dawo mata. Ranar kaɗai rana ta fito ta same shi a gida. Yana bakin ƙofa yana ɗaure igiyar takalmi, ita tana durƙushe riƙe da butarsa. Ya ce, “Turai, ki ɗago ki dube ni mana. In na ɓata a kasuwa, da me za ki yi cigiyata?” Dariya ta kama ta, ta ƙara cusa kai cikin mayafi. Shi ma ya yi dariya, ya ce to shi ke nan, in ya dawo ta biya bashi. Ta ji ƙarar keken har ta ɓace. Ɗaga kai ne kawai, abin da kaza take yi in ta sha ruwa, shi ta kasa.

Ta ji numfashin Yusha'u yana fita da ƙyar. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba: ta juya ta kafa wa ɗanta na fari ido, ta dube shi sosai, daga goshi har haɓa, ko za ta sami uban a fuskar ɗan ta kai shi bango ta gwada. Ta ga goshin mahaifinta. Ta ga hancinta, ta ga idanun yayarta Ɗelu. Ashe duk shekarun nan ita yaron ya ɗebo, bai bar wa uban komai ba. Ta kuma ga wani abin da ba ta nema ba, dattijo mai furfura yana kallonta kamar yaron da aka ce ya jira a bakin ƙofa.

Kallon nata ne ya karya masa haƙuri. Ya matso, ya ɗaga yatsa ya nuna na uku daga hagu, mai ɗan murmushin.

“Inna,” ya ce, “wannan ne ko? Tunda muka shigo shi nake kallo. Shi ne ko, Inna?”

Ta buɗe baki za ta ce ban sani ba, ta kasa. Baƙin ciki ya taso mata gaba ɗaya, na safiyar nan, da na ɗakin da aka shafe, da na wannan bawan Allah da ya tsallako da ita teku don ta ba shi abin da ba ta da shi. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suna girgiza.

“Shi ne!” in ji Hadiyya, ta dafe ƙirji. “Wallahi shi ne, Dakta. Ba ka ga ta rufe fuska ba? Allahu Akbar, har yanzu kunyarsa take ji.”

Wa zai ga laifin Hadiyya? Ko'ina a ƙasar Hausa ka nuna wa mace namiji ka ce mijinki ne, ta ja mayafi ta sunkuya, ai ta gama ba ka amsa. Mutum ɗaya ne a ɗakin bai gamsu ba, ita ce Baturiyar, don ita ba ta san komai a kan kunya ba. Ta tambayi Yusha'u da Turanci ko tsohuwar ta ce e, domin ita ba ta ji ta ce komai ba. Ya amsa mata yana share ido da hannun riga, ya ce a wurinmu wannan ya fi e ƙarfi.

Sannan ya cire takalmansa a tsakiyar gidan tarihin mutane, ya ajiye su gefe, ya tsuguna a gaban hoton yadda ɗa yake tsugunawa gaida uba. Ya ɗaga kai ya dubi mai murmushin. Ya ce, “Baba, ba ka san ni ba. Sunana Yusha'u.” Daga nan kuka ya ƙwace masa.

Tsofaffin Malayawan suka juyo suna kallo. Ba su ji Hausa ba, amma babu abin da ya ɓuya musu. Na kan keken ya ɗaga hannu ya sara, wani ya fara Fatiha, sauran suka bi.

Turai tana cikin mayafinta tana jin komai. Har yanzu ƙofa a buɗe take, kalma biyu ce, ta faɗa a wuce wurin. Amma rabonta da jin kukan yaron nan tun ranar yaye, da aka ɗauke shi yana miƙo mata hannu ita kuma ta juya baya saboda idon mutane. Ranar ba ta ɗauke shi ba. Yau kuma ta sa hannu ta fizge masa uban da ya samu yanzun nan? Ta haɗiye maganar, ta ji ta sauka tana ƙona ta har ciki. Wataƙila shi ne ɗin. Allah Yana iya sa jini ya gane jini. In kuma ba shi ba ne, to Hambali yana nan a jikin bangon, taƙi ɗaya daga yatsan ɗansa, yana kallo ɗan ya zo daga uwa duniya ya tsuguna wa wani.

Baturiyar ta nemi sunan don a sa a ƙarƙashin hoton in sun koma gida. Yusha'u ya faɗa mata harafi bayan harafi, ya maimaita, ya tabbatar ta sa Kofur a gaba. Ta ba shi izini ya ɗauki hoton a wayarsa, ya ɗauka ya fi a ƙirga.

Da suka fito hadari ya haɗu, kafin su kai titin Jalan Masjid India ruwa ya tsuge. Suka fake a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu shayi da gurasa, tsakanin masu sayar da atamfa da hijabai. Mai kawo abinci ya tambaya da yaren gari ko a nan za su ci ko a ƙunshe musu, “Makan sini? Tapau?” Yusha'u ya ce a nan za su ci, ya yi odar abin da mutum shida ba za su cinye ba. Mutumin da ya yi kwanaki ba ya cin abinci sai ga shi yana haɗa shinkafa da kaza da gurasa, yana magana da loma a baki. Zai aika wa yara. Zai sa a wanke babba a kafa a falo, a kai ɗaya gidan Kano. Ya ce wa Hadiyya ta dubi murmushin nan da kyau, ba irin na autarsu Khaulah ba ne? Hadiyya ta duba ta ce sak, har kumatun. Turai tana riƙe da kofin shayi da hannu biyu, ba ta kai shi baki ba.

Ya goge hannu ya ɗauki wayar. Daga inda take zaune tana hango fuskar wayar sarai. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton, mai murmushin ya yi ta girma, sauran suna zamewa ta gefe. Mai karkatacciyar hula ya fita. Wanda ya haɗe rai ya fita. Na kusa da shi ta dama ya rage rabin kunne, sannan shi ma ya tafi.

“Ki ce masa kada ya yanke,” in ji Turai.

Hadiyya ta ajiye cokali. “Inna?”

“Hoton. Ki ce masa ya bar su yadda suke.”

Yusha'u ya yi murmushi, ya ce cikin ladabi, “Inna, so nake fuskar ta fito sosai in an wanke. Sauran ai ba mu san su ba.”

Maganar ta soke ta inda ba ta zata ba. Ta ajiye kofin har shayin ya zuba. Ba ta bi ta kan Hadiyya ba wannan karon, shi ta fuskanta.

“Ka bar su su bakwai, yadda aka ɗauke su. A falon ma haka, a Kanon ma haka. Kuma duk ranar da ka ɗaga hannu za ka yi wa wannan addu'a, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake kowa. Ko na manta, ko na mutu, kada ka tsallake kowa. Ka ji ni?”

Yusha'u ya saki baki. Tunda yake ba ta taɓa jera masa magana mai tsawon wannan ba, ita da shi, babu ɗan aike. Ya ce, “Na ji, Inna.” Ya matse yatsunsa, mutanen suka dawo ɗaya ɗaya suka tsaya a bayan buhunansu.

“Allah sarki Inna,” in ji Hadiyya tana goge ido da bakin hijabi. “Har da 'ya'yan wasu take tunawa.”

Yusha'u ya dubi wayar, ruwa yana dukan rumfar shagon. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, “Inna, abin da na nema tun ina yaro yau kin ba ni. Ba ni da abin da zan biya ki. Allah Ya saka miki da Aljanna.”

Hadiyya ta ce amin. Mai shayin da ke wucewa da tire ya tsinci kalmar Aljanna, shi ma ya ce amin. Turai ce kaɗai ta kasa amsawa, kuma babu wanda ya yi mamaki, don kowa ya san ta da kunya.